Taurari bakwai ɗin nan masu kama da ludayi a arewa, ina suka shiga? Kuma meye labarin beyar ɗin?

Bakatsine_07

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar taurari, abin ya kwana biyu yana min yawo a kai.

Lokacin zafin da ya wuce, wajen Afrilu zuwa Mayu, duk gidanmu mun dawo kwana a tsakar gida saboda ɗaki baya shiguwa ga kuma ba wuta, to ni shimfiɗata kaina na kudu ƙafafuna na arewa, kullum in na kwanta sai idona ya sauka kan wasu taurari guda bakwai masu haske can saman darbejiyar maƙwabtanmu. Huɗu sun yi kamar ƙoƙo, ukun kuma sun miƙe kamar mariƙi mai ɗan lanƙwasa, sak ludayin shan fura amma wanda aka kifa. Har na saba da su wlh, in ban gansu ba saboda hadari sai inji kamar wani abu ya rage. Wani abokina ya saka min wata manhaja a waya wadda in ka ɗaga ta sama take nuna maka sunayen taurari, da na saita ta wajen sai ta zano min hoton wata ƙatuwar dabba, wai beyar, ta rubuta Ursa Major. Na bi na karanta kaɗan, aka ce labari ne na Girkawa, kuma aka ce waɗannan taurarin BASA faɗuwa, dare da rana suna sama suna zagaye, har wai tatsuniyar ma ta faɗi dalili.

To ga abin da ya ɗaure min kai. Yanzu muna ƙarshen Nuwamba, sati biyu kenan ina fita bayan isha'i ina dubawa a daidai inda na saba ganinsu, babu su babu alamarsu. Sama garau, sauran taurari suna nan, har kaza da 'ya'yanta ina gani ta ɓangaren gabas, amma ludayin nan ko ɗaya. To in basa faɗuwa ina suka je? Ko dai waɗanda na gani ba su bane?

Na biyu kuma ina son wanda ya san labarin ya bani shi tun daga tushe, wace ce beyar ɗin, me ya kaita sama, kuma me yasa aka zana mata doguwar wutsiya alhali na ga hoton beyar ta gaske wutsiyarta ɗan guntu ne. Na gode, Allah ya saka.

Maman_biyu

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin tambayar nan sosai, don yanzu da wuya ka samu yaro mai ɗaga kai ya kalli sama. Maganar ina suka shiga zan barwa masu lissafi, amma labarin bari in baka shi, na karanta shi lokacin ina makaranta kuma har yau in na tuna sai ya taɓa min zuciya.

A can ƙasar Girka akwai wani yanki mai duwatsu da dazuzzuka ana ce masa Arkadiya. A almararsu sarkin wurin sunansa Likawon, yana da 'ya sunanta Kalisto, ma'anar sunan ma a yarensu "wadda ta fi kowa kyau". Ita Kalisto maharbiya ce, tana cikin 'yan matan da ke bin Artemis, wadda suka ɗauka a matsayin gunkiyar farauta, kuma duk wadda zata shiga tawagar sai tayi alkawarin ba ita ba namiji har abada. Ana nan sai Zeyus, babban gunkinsu, ya ganta ta kwanta hutawa a daji ita kaɗai. Ya san in yazo da siffarsa ba zata saurare shi ba, sai ya rikiɗa ya koma siffar uwargijiyarta Artemis, ta sake da shi, ya cuce ta. Ta samu ciki tana ta ɓoyewa wata da watanni, har ranar da suka je wanka rafi aka ce kowa ta tuɓe, asiri ya tonu, Artemis ta kore ta. Ta haifi ɗa namiji aka sa masa Arkas.

Daga nan sai uwargidan Zeyus, wato Hera, ta samu labari. Kishi kumallon mata, maimakon ta tuhumi mijinta sai ta huce kan yarinyar, ta damƙi gashinta ta kayar da ita ƙasa, nan take hannayenta suka fara fitar da gashi da farata, bakin nan mai kyau ya koma na dabba, ta buɗe baki zata roƙi gafara sai gurnani ya fito. Wajen da yafi bani tausayi shi ne jikinta ne kawai ya canja, hankalinta na mutum yana nan. Ita da ta saba bin namun daji da karnuka yanzu ita karnuka ke bi, in ta ga wasu beyar ɗin sai ta gudu don ta manta ita ma beyar ce.

Shekara wajen 15 tana wannan hali. Arkas ya girma ya zama maharbi bai san uwarsa ba. Ran nan suka yi kiciɓis a daji, ita ta gane shi, uwa ai bata ɓatan ɗanta, ta tsaya tana kallonsa tana matsowa, shi kuma abin da ya gani kawai dabba ce zata far masa, ya ɗaga mashi. Kafin ya soke ta Zeyus ya ɗauke su duka biyun ya kai sama ya mai da su taurari. Ita ce babbar beyar ɗin da wayarka ta nuna maka. Shi kuma ɗan, tsofaffin ruwayoyi sun ce shi ne rukunin da ke biye da ita wanda ke da tauraron nan mai ɗan ja-ja da ake kira Akturus, sunan ma yana nufin mai gadin beyar. In ka bi lanƙwasar mariƙin ludayin ka zarce da ita kai tsaye zata kai ka kansa. Wasu masu bada labarin kuma suna cewa shi ne ƙaramar beyar.

To Hera fa bata haƙura ba. Ta ɗaga kai ta ga kishiyarta an bata matsayi a sama, sai ta tafi wajen Tetis da Okiyanos, gumakan teku waɗanda suka rene ta, tace in dai kuna ƙaunata kar ku taɓa barin matar nan ta shiga ruwanku tayi wanka. Su Girkawa teku ne ya kewaye su, in tauraro ya faɗi gani suke kamar ya nutse cikin ruwa ya huta, to ita beyar an hana ta, sai dai tayi ta zagaye ba hutu. Nan ne asalin maganar da ka karanta cewa basa faɗuwa. Kuma maganar tsohuwa ce sosai, tana cikin waƙoƙin Homa, wani mawaƙin Girka, tun ƙarni bakwai ko takwas kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda yace ita kaɗai ce bata da rabo a wankan teku, kuma yace wasu na kiranta amalanke.

Ruwayar da na baka mafi yawanta ta wani mawaƙin Rum ce mai suna Obid wanda ya rayu zamanin sarki Augustus. Akwai wadda tace Artemis ce da kanta ta mai da ita beyar, akwai wadda tace Zeyus ne yayi don ya ɓoye ta. Kamar tatsuniyar Gizo ce, kowane gari da yadda kakarsu ta faɗa. Ni dai a duk ruwayoyin abin da ke tsaya min a rai ɗaya ne, yarinyar nan ita aka zalunta kuma ita aka hukunta, sau uku ma.

Maganar wutsiya kuwa ka lura da kyau. Beyar bata da doguwar wutsiya, taurari ukun ne dai suka miƙe haka dole aka nema musu suna. Wani Baturen Ingila a ƙarni na 16 ya rubuta cewa wai ta wutsiya Zeyus ya jawo ta zuwa sama, nauyinta ya sa ta miƙe, amma wannan ƙari ne na baya-bayan nan.

Malamin_Jogarafi

Sannu da ƙoƙari Hajiya, kin bada labarin yadda ya kamata. Ɗan uwa Bakatsine, idonka bai yaudare ka ba, su ɗin ne ka gani, kuma abin da ka karanta shima ba ƙarya bane, sai dai wanda ya rubuta ba a Katsina yake zaune ba. Wannan ita ce duk matsalar.

Bari in bi da kai a hankali. Duniya tana juyawa ne kamar katantanwa a kan tsinke ɗaya, to saitin tsinken ta arewa akwai wani tauraro da kusan baya motsi, shi ake kira tauraron arewa, Polaris. Duk sauran taurarin arewa shi suke kewayawa, sau ɗaya a kwana guda. Shi kuma tsayinsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin ikwaita, wanda ya raba duniya biyu kudu da arewa. Katsina tana wajen digiri 13, Kano 12, Agadas 17, Legas 6 da rabi, Atina babban birnin Girka 38, Landan 51 da rabi. Miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen nan wajen digiri 10 ne a sama. Kenan a Katsina tauraron arewa dunƙule ɗaya da ɗan ɗoriya yake daga ƙasa, a Landan dunƙule biyar.

Yanzu ka ɗauka an kafa turke a jikin bango an ɗaure akuya da igiya tana zagaye shi sama da ƙasa. In turken yana can sama kuma igiyar gajera ce ba zata taɓa ƙasa ba. In turken na kusa da ƙasa kuma igiyar doguwa dole in ta zagayo ƙasa ta shige. Taurarin ludayin nan igiyarsu tsakanin digiri 28 ne zuwa 41 daga turken. A Landan turke na kan 51, ko mafi nisan cikinsu baya taɓa ƙasa, shi yasa Bature zai rubuta maka hankalinsa kwance cewa basa faɗuwa. Mu nan turkenmu na kan 12 ko 13, duk bakwai ɗin sai sun nutse, suna yin wajen awa 14 zuwa 15 a sama sauran kuma suna ƙasa. Da a ƙasar Hausa aka ƙirƙiri labarin Kalisto da babu zancen hana ta wanka a ciki, domin mu kullum ta Allah sai ta faɗi.

Wani abin ma, ko a Atina yau tauraron ƙarshen wutsiyar yana ɗan nutsewa. Dalili shi ne tsinken duniya ba a tsaye cak yake ba, yana layi a hankali irin yadda katantanwa ke yi in ta kusa faɗuwa, zagaye ɗaya na ɗaukar wajen shekara 26,000. Zamanin su Homa beyar tafi kusa da turken fiye da yanzu. Shi kansa Polaris ba tun fil azal yake riƙe da muƙamin ba, lokacin da Misirawa ke gina dalarsu wani tauraro ne mai suna Thuban yake wurin, nan da shekara wajen 12,000 kuma turken zai koma kusa da wani tauraron mai suna Vega.

To yanzu ina zaka same su? Taurari kullum suna riga jiya fitowa da kusan minti 4, a wata kenan awa biyu. A farkon Mayu wajen ƙarfe 9 na dare suna ƙololuwarsu, sama da tauraron arewa, a kife, yadda ka gansu kenan. Zuwa Agusta a wannan lokacin sun gangara arewa maso yamma suna shirin faɗuwa, ga hadari ma ya rufe. Oktoba da Nuwamba bayan isha'i suna ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya, shi yasa kayi sati biyu kana nema a banza. Amma ka tashi da asuba gobe, kafin a kira sallah ko kuna fitowa daga masallaci, ka fuskanci arewa maso gabas, zaka gansu tsaye, ƙoƙon a sama mariƙin yana reto ƙasa. Daga Fabrairu kuma zasu dawo maka da dare.

Kafin nan in kana son gane arewa da daddare, a daidai wurin da kake nemansu yanzu akwai wasu taurari biyar masu siffar harafin M ko W, Kasiyofiya kenan, ita tana ɗaya gefen turken ne, in ludayi ya sauka ita ta hau.

In ka samu ludayin ga abin da zaka gwada. Taurari biyun da ke bakin ƙoƙon, nesa da mariƙi, ka ja layi daga na gindin ƙoƙon zuwa na bakinsa ka zarce kamar ninki biyar na tazarar da ke tsakaninsu, zaka faɗa kan Polaris. Kar ka sa ran wani ƙaton tauraro, matsakaici ne, mutane da yawa suna wuce shi saboda sun zaci shi yafi kowanne haske, ga shi a wajenmu yana ƙasa-ƙasa inda hazo da ƙura suka fi yawa. Ka nemi fili inda gini ko bishiya basu tare arewa ba.

Sannan ka sani bakwai ɗin nan ba su ne duk beyar ɗin ba, ƙugunta ne da wutsiya kawai. Kai da ƙafafu taurari ne marasa haske sosai da suka bazu, a cikin rukunai 88 da masana suka amince da su tun 1922 ita ce ta uku a girma.

Almajirin_Zaure

Salamu alaikum. Malam Allah ya ƙara basira, misalin turken nan ya zauna min. Ina so in ƙara wani abu ta ɓangaren Larabci, don sunayen da wayar ɗan uwa zata nuna masa in ya taɓa taurarin ɗaya bayan ɗaya duk Larabci ne da bakin Turawa ya lanƙwasa.

Dubhe daga dubb ne, wato beyar. Merak daga maraƙƙ, wajen kwiɓi. Phecda daga fakhiz, cinya. Megrez daga magriz, inda wutsiya ta tsiro. Alioth ana danganta shi da alya, kitsen wutsiyar tunkiya. Mizar daga mi'zar, gyauton da ake ɗaurawa a ƙugu. Na ƙarshe Alkaid, al-ƙa'id, jagora. Yadda akayi haka, wani masani Batlamus da ya zauna a Iskandariya wajen shekara ta 150 ya tsara rukunai 48 na Girkawa a littafi, aka fassara shi zuwa Larabci zamanin Abbasiyawa a Bagadaza, sannan Abdurrahman as-Sufi ya rubuta nasa littafin na siffofin taurari wajen 964 ya zana kowanne ya gyara abin da ya gani da idonsa. Daga hannun Musulmi ilimin ya koma Turai da sunayen a jikinsa.

Amma ka lura da na ƙarshen, jagora, jagoran su wa? Ai beyar bata da jagora a wutsiya. Wannan sunan ya fito ne daga labarin Larabawan ƙauye na asali tun kafin su san na Girka. Su ba dabba suka gani ba, makara suka gani. Suna kiransu Banatu Na'ash, 'yan matan makara. Taurari huɗun makara ce ɗauke da gawar uba, ukun kuma 'ya'yansa mata ne suna biye. A hikayar an kashe uban ne, suna zargin al-Jadyu wato tauraron arewa, suka rantse ba zasu binne shi ba sai sun ɗau fansa, shi ne suke ta kewaya shi kowane dare basu kai gare shi ba. Ni wannan yafi kama ni fiye da na beyar gsky, domin in ka kalle su a hankali suna tafiya sannu-sannu, huɗu a gaba uku a baya, wlh kamar rakiyar gawa.

Akwai kuma wani ɗan mitsitsin tauraro maƙale da na tsakiyar ukun, Larabawa na ce masa Suha, da shi suke gwada ƙarfin ido. Har karin magana suke da shi, uriha as-Suha wa turini al-ƙamar, ina nuna mata Suha tana nuna min wata, ana faɗarsa ga wanda kake masa magana mai zurfi shi kuma ya kawo maka abin da kowa ya sani.

Wata 'yar nasiha kuma tunda an ambaci gumaka, kar wani ya karanta ya rikice. Su Zeyus da Hera ƙagaggun abubuwa ne na mutanen da suka bauta musu, mu muna jin labarin ne a matsayin tatsuniya da tarihin yadda mutane suka yi tunani. Sanin taurari don gane hanya da lokaci da alƙibla kuwa Alƙur'ani da kansa ya ambace shi, a Suratun Nahli aya ta 16 da Suratul An'am aya ta 97. Abin da aka hana shi ne duba, a ce tauraro kaza ya fito don haka wane zai yi arziki ko zai mutu. Kuma ga amfani a hannu, a ƙasar Hausa in dare ya same ka a daji baka san gabas ba, ka samo tauraron arewa ka sa shi a kafaɗarka ta hagu, ka fuskanci gabas kenan, sai ka ɗan karkata hagu kaɗan don alƙiblarmu gabas ce mai jingina arewa.

Ɗan_Agadas

Sannunku da hira. Ni a Agadas na tashi cikin Buzaye, kuma su waɗannan taurarin ba beyar ba makara, raƙuma ce. Talamt suke ce mata. Ƙaramin ludayin kuma, wanda tauraron arewa ke ƙarshen mariƙinsa, shi ne ɗanta, awara, ɗan raƙumin da aka ɗaure a turke uwar tana kewaya shi. Da na karanta misalin Malam na turke da igiya sai da nayi murmushi, don su abin da suka gani kenan tun asali.

Kuma a can ba hira bace kawai. Ayarin gishiri da ke zuwa Bilma yana ratsa Tenere, kwana da kwanaki ba bishiya ba dutse, rairayi ne iya ganinka, madugu da rana da iska da taurari yake aiki. Na taɓa kwana a bayan gari can arewa da Agadas lokacin sanyi, wani dattijo ya tashe mu cikin dare yace a ɗaura kaya, ba agogo a hannunsa, raƙumar kawai ya kalla ya ga inda ta kai. Saman can kuma ba irin na birni bane, taurarin kamar ka miƙa hannu ka tsinko, ƙafafun beyar ɗin da Malam yace basu da haske duk ana ganinsu tar, bibbiyu bibbiyu har sau uku.

Kowa dai abin gidansa ya gani. Turawan Ingila garma suke cewa, Faransawa tukunya mai mariƙi, 'yan Sin ludayin arewa, Beidou, har sunan suka sa wa tsarin tauraron ɗan adam ɗinsu mai nuna hanya. Kai kuma Bakatsine ka ga ludayin fura, ai baka yi kuskure ba.

Bakatsine_07

Allahu akbar. Jama'a na gansu!! Yau da asuba na fito tun kafin kiran farko na zagaya bayan gidanmu wajen filin ƙwallo inda ba gini, na juya arewa maso gabas kamar yadda Malam yace, ga su nan tsaye, ƙoƙon a sama mariƙin a ƙasa, wlh sai da naji tsigar jikina ta tashi kamar na haɗu da wanda ya daɗe a tafiya. Na ja layin nan da yatsa na samu tauraron arewa, can ƙasa ta hagu, saman rufin makarantar firamare, na auna da dunƙule ya bada ɗaya da ɗan ƙari daidai yadda aka ce. Anti Maman_biyu na baiwa ƙannena labarin Kalisto jiya da dare, ƙaramar har da hawaye wajen da ɗan ya ɗaga mashi.

Saura Suha. Na ƙura ido har ya fara ruwa ban ganshi ba, akwai ɗan hazo. Malam shi ɗin da gaske maƙale yake da na tsakiyar ko ido ne kawai ke ganin haka?

Malamin_Jogarafi

Madalla, gani ya kori ji. Kar ka damu da Suha yanzu, mariƙin yana ƙasa cikin ƙura ne, ka bari sai Maris ko Afrilu in ya hau sama, a daren da ba farin wata, kuma kar ka kalli waya na kamar minti goma sha biyar kafin nan don ido ya saba da duhu. Mai lafiyar ido yana ganinsa ba wuya.

Tambayarka kuma mai kyau ce. Yawancin taurarin da muke haɗawa mu ce rukuni ɗaya ne babu abin da ya haɗa su, saitin ido ne kawai, wani na kusa wani na can nesa. Amma ludayin nan daban yake. Biyar na tsakiya, daga Merak zuwa Mizar, duk suna wajen nisan da haske ke yi a shekara 80 ko ɗan fiye, kuma gefe ɗaya suke tafiya tare, alamar wuri guda aka haife su. Wani masani ɗan Ingila Richard Proctor ne ya lura da haka a 1869. Biyun bakin, Dubhe mai nisan shekarar haske wajen 123 da Alkaid mai wajen 104, su ba 'yan gidan bane, hanyarsu daban, don haka nan da dubban shekaru masu yawa siffar ludayin zata karkace. Suha, wanda Turawa ke kira Alcor, yana cikin 'yan gidan, nisansa kusan ɗaya da na Mizar, wato na tsakiyar ukun, kuma tare suke tafiya.

Shi Mizar ɗin ma ba ɗaya bane. Tun 1617 Castelli, wani abokin Galileo masanin taurarin nan na Italiya, ya duba shi da madubin hangen nesa ya ga biyu ne, daga baya aka gano kowanne cikin biyun shima biyu ne, sannan a 2009 aka gano Suha ma yana da ɗan ƙaramin abokin tafiya. Ɗigon nan da kake gani a tsakiyar mariƙi da ɗan maƙwabcinsa taurari shida ne. A Indiya ma suna kallon su biyun a matsayin mata da miji, Wasishta da Arundati, har ana nuna wa ango da amarya su ranar biki.

In Afrilu tazo ka fito da ƙanwar taka mai hawaye, yara sun fi mu kaifin ido, kar ka faɗa mata inda yake, kace ta kalli na tsakiyar ukun ta gaya maka guda nawa ta gani.